Rantsuwar da Na Yi wa Injiniya Audu

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bin wannan shafi. Kwana tara ke nan ina buɗe waya, in rubuta layi biyu, in goge. Wata baiwar Allah ta turo min saƙo wai ko na gaji da labarin ne. Ban gaji ba, 'yar uwa. Wurin da muka iso ne mai nauyi, don a nan babu wanda zan nuna da yatsa. Ni na yi abin da bakina.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Salamatu Inuwa, haifaffiyar Tarauni. Abin da zan ba ku ya faru ne da daminar 2010, ina da shekara ashirin da huɗu, ina aiki a wani kamfanin intanet a Gyaɗi-Gyaɗi mai suna Shamuwa Net. Kar wanda ya wahalar da kansa wajen nemansa. Ginin yana nan, amma tayil da famfuna ake sayarwa a ciki. Har yau in na bi ta layin sai na sami abin dubawa a cikin jakata har a wuce.

Mai kamfanin sunansa Injiniya Audu. Dogo ne siriri, kullum cikin farar 'yar shara da hula ƙube, ga biro biyu a aljihun gaba. Ya buɗe Shamuwa shekara ɗaya bayan sojoji sun miƙa mulki, lokacin da kowa yake ganin ƙasa ta buɗe, duk abin da ka shuka zai fito. Ya kafa dogon ƙarfen sabis a bayan gini, ya ɗora wani ƙaton faranti a kan rufi mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, daga nan ake raba wa kafe-kafe da makarantu da asibitoci. In kin taɓa shiga kafe a Unguwa Uku ko Hotoro a shekarun nan kika buɗe imel, da wuya in ba ta ɗakinmu saƙonki ya bi ba.

Ni da takardar koyon aiki na je masa daga kwalejin fasaha. Na sa a raina teburin karɓar baƙi za a ba ni, don nan ake ajiye mata. Ya karanta takardar, ya ce in biyo shi. Ya kai ni ɗakin na'urori, wani ɗan ɗaki mai sanyi da ƙananan fitilu suna ta ƙiftawa, ya miƙo min kebul da abin matse kansa, ya ce in haɗa. Sai da na ɓata bakwai kafin ɗaya ya yi. Shi dai yana ta miƙo min sabo. Da na gama makaranta bai bari na kai takarda ko'ina ba. Cikin shekara uku, in sabis ya ɗauke a wani wuri ba a cewa a kira Injiniya, cewa ake a kira Salamatu. Duk abin da nake cin abinci da shi har yau, a ɗakin nan na koya.

Sai ga modem ya shigo gari. Ɗan abu ne bai wuce tsawon yatsa ba, kamfanonin waya suka fara sayarwa. Mutum ya soka a jikin kwamfutarsa yana kishingiɗe a falonsa, ya shiga duk inda yake so. Kafin a ankara wayoyin hannu ma sun fara buɗe intanet. To wa zai hau acaɓa ya je kafe ya bi layi? Kafe-kafe suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya rufe kuwa mu muka ragu. Ma'aikata suka fara zarewa. Lokacin da na zo mun kusa talatin, da azahar har layi ake yi a wurin alwala. A daminar nan mu bakwai muka rage, albashi yana zuwa a makare, an kashe na'urar sanyi ko'ina in ban da ɗakin na'urori. Injiniya yana cewa modem yayi ne, mutane za su gaji da jan ƙafarsa su dawo. Ni na san ba yayi ba ne, don akwai guda a jakata, a aljihun da nake sa kwalli. Da shi nake aiki a gida.

Da aiki ne kaɗai tsakanina da mutumin nan, da abin ya zo da sauƙi. To akwai Maje.

Maje ɗansa ne na biyu, mai zanen gidaje ne a wani kamfanin gine-gine. Wata rana motar Injiniya ta lalace ya zo ɗaukarsa, ya same ni durƙushe a bayan tebur ina bin kebul, mayafina ɗaure a ƙugu, ɗankwalina duk yanar gizo. Washegari ma ya zo, alhali an gyara motar. Shekara ɗaya da rabi muna tare. Injiniya ya sani, amma ko sau ɗaya bai taɓa nuna min a ofis ba. A lokacin da nake ba ku labari an riga an tsayar da magana, ranar wata Asabar bayan la'asar kawunnan Maje za su zo gidanmu neman aure.

Ana saura sati biyu Chinwe ta kira ni. Ƙawata ce, tare muka yi aiki a Shamuwa kafin ta koma wani babban kamfanin waya a farkon shekarar. A Unguwa Uku aka haife ta, in tana zuba Hausa a waya ba za ki ce sunanta Chinwe ba. Ta ce ana neman mutum ɗaya a sashen kula da na'urori na ofishinsu na Kano, kuma ta riga ta ba da sunana. Na ce mata ba zan iya ba, ta san yadda nake da gidan. Ta ce in je dai in ji, ai jin magana ba karɓa ba ce.

Ranar Laraba na ce wa Injiniya zan raka Umma asibitin ido. Ya ce in gaishe ta, har ya rubuta min sunan wani likita a takarda. Na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan zuma, na zuba takarduna a ledar kanti don kar 'yan layi su gane, na tari adaidaita. Wanda ya yi min tambayoyin wani ne Oga Wale, mai jiki, mai yawan dariya. Duk abin da ya tambaya na taɓa yin sa da hannuna. Ranar Juma'a da safe saƙon Chinwe ya shigo:

"Sun ɗauke ki ƙawas. Ki zo ki sa hannu kafin Talata, akwai na biyu yana jira."

Na kai wa Baba maganar bayan ya dawo daga masallaci, yana zaune a tabarma ƙarƙashin bishiyar gwaba ta tsakar gidanmu yana cin dambu. Baba ya yi shekara ashirin da biyu a wata masaƙa a Sharaɗa. Da ta fara tangal-tangal abokansa suka watse, wasu suka kama kasuwa wasu suka yi kudu, shi ya ce ba zai bar wurin da ya rufa masa asiri ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ture kwanon gefe.

"Ranar da aka rufe masaƙa ba wanda ya gaya mana," in ji shi. "Mun zo da safe da kwanukan abincinmu a hannu muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ina da shekara arba'in da tara. Duk inda na je sai a ce na tsufa. Ki karɓi aikin nan, Salamatu."

Na ce to Injiniya fa? Ya ce mutumin kirki ne, zai fahimta. In je in same shi in gaya masa kamar yadda na zauna na gaya wa ubana.

Umma tana bakin kicin tana jin mu, ba ta tanka ba sai da Baba ya fita. Ta ja ni ɗakinta ta turo ƙofa. Ita ba aikin ta ƙi ba, lokacin ne bai yi mata ba. Ta ce wace irin yarinya ce za ta je ta ce wa mutum ta bar masa kamfani, bayan kwana biyu kuma 'yan uwansa su zo su zauna neman aurenta? Ta ce dangin miji ba su da mantuwa, matan gidan za su ce tun ba ta shigo ba ta nuna hali, ta ga maiƙo ya ƙare ta zame.

"Ki sa hannunki, ki ja bakinki," ta ce. "Sati ɗaya ne. In an karɓi magana an sa rana, sai ki je ki faɗa da ladabi."

Maje ya zo ranar Lahadi bayan la'asar, cikin shadda ruwan toka da hular da na saya masa da ƙaramar sallah. Ana yayyafi, muka zauna a soro, na kawo masa zoɓo. Na ɗauka zai yi fushi. Bai yi ba. Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. Ya ce shi ma ya san Shamuwa ta zo gangara, sun yi da Abbansa har sun gaji, ba ya ji. Ya ce a satin nan wani asibiti da ya fi kowa daɗewa da su ya ce a zo a kwance na'ura, jinin Abba ya hau, ko abincin kirki ba ya ci, maganar Asabar ce kaɗai take sa shi murmushi.

"Ki karɓa, ban hana ki ba," ya ce. "Amma ki bari Asabar ta wuce. In ya ji yanzu ban san me zai yi ba, kin san Abba da zuciya."

"In ya tambaye ni fa?"

"Me zai sa ya tambaye ki?"

Ko ƙarshen layinmu bai kai ba saƙonsa ya shigo: "Ki yi min alƙawari Salma. Sati ɗaya kacal. Don ni."

Na rubuta masa: "Na yi."

Kar ku ce ina ɗora musu laifi. Umma surutun dangi take tsoro, Maje mahaifinsa yake tsoro. Ni kuwa shawararsu ta yi min daɗi ne don ta ɗauke min abin da dama ba na son yi, wato in tsaya a gaban mutumin da ya koya min riƙe kebul in ce masa na tafi. Baba ya nuna min hanya miƙaƙƙiya. Ni na zaɓi wadda ta fi laushi.

Duk da haka har wayewar garin Litinin ban yanke ba. Na yi istihara, na tashi zuciyata tana nan a rabe. In na tuna kwanukan abincin su Baba sai in ce na tafi. In na tuna ɗakin na'urori babu ni, Injiniya yana laluben allo da tabarau a kan hanci, sai in ce ina zan je.

Da hantsi aka tura ni Hotoro da Malam Lawan, dattijon da yake hawa ƙarfe da rufin gini tun ranar da aka buɗe kamfanin, mu kwance na'urarmu daga wani kafe da ya rufe. Ni na haɗa wurin nan shekara biyu baya, kwamfuta ashirin. Muka tarar an tattara su a lungu an lulluɓe da tsohon labule, mai wurin ya kafa kanta a gaba yana sayar da katin waya da modem. Har ya miƙo min guda wai in gani. Malam Lawan ya sauko daga rufi da na'urar a kafaɗa yana haki, ya zauna a bakin baranda. Ya ce wannan ce ta huɗu a watan nan. Ya ce shi kam ya tsufa, inda Injiniya ya tsaya nan zai tsaya, amma da yana da 'ya mai irin kaina ba zai bar ta tana yawon kwance abin da ta ɗaura ba. Bai san komai ba, magana ce kawai ta zo bakinsa. Daga nan ban koma ofis ba. Na ce masa zan biya wani wuri, na wuce wurin Chinwe na sa hannu. Ɗaya ga wata zan fara.

Ranar Talata ina ɗakin na'urori Injiniya ya shigo. Ba sabon abu ba ne, nan ne kaɗai wuri mai sanyi a ginin. Ya jawo kujerar roba ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya tambayi idon Umma, na ce da sauƙi. Ya tambayi aikin Hotoro. Sai ya shiga ba ni labarin waɗanda suka bi ta hannunsa, wane yana Abuja, wane yana Fatakwal, wane ya buɗe nasa. Ya ce da farko in mutum ya tafi yakan yi kwanaki yana jin haushi, daga baya ya gane ba don su tsufa a gabansa ya koya musu ba.

Na ƙura wa allon kwamfuta ido kamar ina karanta wani abu.

"Salamatu," ya ce, "ni ba yaro ba ne, ina ganin yadda wurin nan ya koma. In kin sami inda ya fi nan ki gaya min. Ni zan kai ki da kaina."

Kun ji dai yadda ya buɗe min ƙofa har bango. Na tuna alƙawarin da na yi wa Maje, na tuna fuskar Umma, na tuna alkamar da aka riga aka kai niƙa don alkakin Asabar. Na ce babu, Yallaɓai.

Ya dube ni bai ce komai ba. Bai ce in rantse ba, wannan nake so ku riƙe. Shirun ne ya yi min tsawo, na ji dole in cike shi da wani abu.

"Wallahi tallahi ban nemi aiki a ko'ina ba," na ce, "kuma ba inda za ni. Ina nan tare da kai."

Ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "To, Allah ya yi miki albarka." Ya mayar da hularsa, ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Bari in faɗa muku wani abu tun yanzu, don na san akwai masu karantawa da suke zaune a wuraren aiki irin wannan suna ta saƙa da warwara. Barin Shamuwa ban taɓa yin nadamarsa ba. Wata takwas bayan nan aka rufe ta, da na zauna da ban hana ba. Abin da nake ɗauke da shi shekarun nan duka shi ne 'yan kalmomin nan da na faɗa a ɗakin nan, da sunan Allah a gabansu, ga mutumin da bai taɓa yi min komai ba sai alheri.

Na tura wa Maje cewa Abba ya tambaye ni na ce babu. Ban ambaci rantsuwar ba. Ya amsa: "Kin kyauta. Saura kwana huɗu."

Laraba da Alhamis Injiniya bai canza min fuska ba. Ya dai ba ni wani sabon littafi mai kauri ya ce in rubuta yadda aka saita kowace na'ura da lambobin sirrinta, wai bai kamata komai ya zama a kan mutum ɗaya ba. Na zauna ina rubutawa ina ce wa kaina Allah ne ya kawo min sauƙi. A gida kuwa hidima ta kankama. Goggo Uwani, ƙanwar Baba, ta taho daga Ƙauyen Alu da manyan tukwanenta, ana ta suyar alkaki da dubulan, ƙamshin man gyaɗa har bakin titi. Tela ya kawo atamfata shuɗiya mai zanen ganye. Aka yi min jan lalle a tafin hannu. Kowa ya gan ni shiru sai ya ce kunya ce. In na tayar da sallah kuwa sai in rasa raka'a nawa na yi.

Ranar Juma'a wajen sha ɗaya ya aiko Malam Lawan ya kira ni ofishinsa. Ya riga ya sa babbar riga, dardumarsa a ninke a kan tebur. Ya turo min wata farar ambulan ba a liƙe ba, ya ce in karanta.

Takardar shaida ce, shafi biyu, da Turanci, a kan takardar kamfani. Ya lissafa duk aikin da na yi tun zuwana, har da waɗanda ni na manta. Ya rubuta cewa a cikin duk waɗanda ya koyar ba su fi uku ba da suka kai ni. A layin ƙarshe ya ce a shekara uku ban taɓa gaya masa abin da ba haka yake ba, ko da laifin nawa ne. Sai na kai idona sama wurin kwanan wata. Litinin. Kwana ɗaya kafin ya shigo ɗakin na'urori.

"Wale yarona ne," in ji shi. "Shekara huɗu ya yi a ɗakin da kike zama. Ranar Litinin da safe ya kira ni ya ce zai ɗauki wata daga wurina, me na sani a kanta. Na ce masa in bai ɗauke ki ba ya yi asara. Ya ce in rubuta."

Na durƙusa a gabansa. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ki kai masa. Ban canza komai a ciki ba. Na so in cire layin ƙarshe, sai na ga ranar da na rubuta shi gaskiya ne."

Ya ce in ƙarasa watan, in bi littafin nan da Malam Lawan shafi-shafi. Ya ɗauki dardumarsa ya wuce ni ina durƙushe.

Na kira Maje sau biyar bai ɗauka ba. Na rubuta masa: "Ya sani. Tun Litinin ya sani." Sai gab da magariba amsa ta zo: "Ina gida, bai ce min komai ba. Ki kwantar da hankalinki, gobe kamar yau ne." Na so in gaya wa Umma, na same ta tana jera alkaki a faranti tana dariya da Goggo, na kasa. Baba kuwa ko inda yake ban iya kallo ba. Na cusa ambulan ɗin a ƙasan akwatina.

Asabar gari ya waye da hadari amma bai zubar ba. Aka share soro aka shimfiɗa dardumomin da aka aro a maƙota, aka kunna turaren wuta. 'Yan uwan Baba uku suka iso tun azahar cikin manyan riguna. Ni ina ɗaki cikin atamfar nan, Goggo ta ɗaura min ɗankwali sau uku kafin ya yi mata. Aka yi la'asar. Ƙarfe huɗu da rabi ta wuce. Biyar ta yi. Umma ta fara cewa ai hanyar ce, in an yi ruwa a cikin gari sai a hankali. Na duba wayata, babu komai daga Maje.

Biyar da kwata muka ji tsayuwar mota. Goggo ta leƙa ta jikin labulen ƙofar soro, ta dawo fuskarta wani iri. Ta ce mota ɗaya ce, mutum ɗaya ne kuma ya fito, wani dogo siriri da farar riga da hula ƙube. Ta ce ko wanda ya san hanya ne ya riga su?

Ni na san ko wane ne. Umma ma da ta kalle ni ta sani. Kun san dai uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da ƙafarsa, 'yan uwansa yake turawa. In kuwa ya zo da kansa, to ba abin da aka shirya ba ne ya kawo shi.

Muka ji ya yi sallama ya gaisa da su kawu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya nemi a ba shi wuri da Baba. Su kawu suka fita ƙofar gida. Tsakar gidanmu ta yi tsit, farantan alkaki a jere a kan tabarma an rufe su da leda. Ban san minti nawa suka yi ba.

Baba ya shigo. Bai ɗaga murya ba, ya tsaya a ƙarƙashin gwaba ya kira sunana. Na fito na durƙusa.

"Kin rantse wa mutumin nan da Allah?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni na ce ki karɓi aiki," ya ce. "Kuma ni na ce ki je ki gaya masa."

Tunda nake ban taɓa jin muryar Baba haka ba, ko a shekarar da aka rufe masaƙa. Ya ce Injiniya bai zo fasa magana ba, amma ya dakatar da 'yan uwansa a gida. Ya ce mutumin ya gaya masa shekara uku bai taɓa kama ni da ƙarya ba, don haka bai yarda ni kaɗai na shirya wannan ba. Wai Injiniya ba zai haɗa zuri'a a kan abin da bai gane kansa ba. Yana so ya ji daga bakina, a gaban mahaifina, wa ya ce in ɓoye masa.

Na saci kallon Umma. Tana tsaye a bakin kicin, idonta a ƙasa, tana murza gefen zaninta. Baba bai san komai a kan maganar da muka yi a ɗaki ba.

Na shiga ɗaukar hijabi. Wayata tana kan gado, fuskarta a haske. Maje ne.

"Abba yana gidanku. Don Allah Salma, duk abin da ya tambaye ki, kar ki ce na sani."

Na karanta sau biyu. Baba ya sake kiran sunana daga tsakar gida. Na kife wayar, na zura hijabi a kan ɗaurin da Goggo ta sha wahala a kai, na bi bayansa. Har na ɗaga labulen soro ban san abin da zan yi ba, ko in ƙara wa mutumin nan ƙarya ta biyu, ko in tona uwata da wanda zan aura.

Yana zaune shi kaɗai a tsakiyar dardumomin da aka shimfiɗa wa mutum goma. An ajiye masa ruwa bai taɓa ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Zauna, Salamatu," ya ce. "Ba sai kin rantse ba. Gaya min kawai."